Wa Ya Yaye Ka? Tambayar Da Na Ji Kunyar Yi Wa Mai Gyaran Wuta

Shekarata 30 da 'yan kai ina sayar da atamfa da shadda a Lome, kuma ban taɓa biyan kuɗin dila ba tare da na kwance ta na duba ba. Ko ɗan'uwana ne ya kawo, sai na ja ƙyalle na murza, na ɗaga shi a rana, na karanta bakin yadi. Babu wanda ya taɓa jin haushi, don kowa ya san haka kasuwa take. Amma ni ɗin nan, da furfurata, na ɗauki gidan da iyalina ke kwana a ciki na miƙa wa yaron da ban yi wa tambaya ko ɗaya ba. Ya hau rufi ya ja waya yadda ya ga dama, na biya shi, har na sa masa albarka.

Abin da ya biyo baya shi zan ba ku labari, 'yan'uwa, da abin da na koya daga baya a kan yadda ake tantance mai aikin lantarki kafin a bar shi ya taɓa bango.

Gidanmu yana Agoe Zongo, arewa da gari, ba nisa da babbar hanyar da ta tafi Kara har iyakar Burkina Faso. Mahaifina yana cikin waɗanda aka taso daga tsohon Zongo na tsakiyar Lome a 1977, ina ɗan yaro. Da fitilar ƙwai muka fara zama a nan. Duk wanda ya san gidajen Zongo ya san ba rana ɗaya ake gina su ba. Bana a yi ɗaki biyu, in kasuwa ta yi kyau baɗi a ƙara shago, in ɗa ya yi aure a yanka masa gefe. Haka wayar wuta ma take bin gidan: wannan ya ja nasa, wancan ya ɗora a kan na wancan. A unguwannin bayan gari har akwai masu jawo wuta daga kwantar wani gida mai nisa, waya ta bi kan sanduna da rufin kwano, abin da mutanen nan suke kira saƙar gizo. Mun tashi muna ganin haka, har ido ya saba.

Yadda abin ya fara

Shekara uku da suka wuce uwargida ta sayi babbar firiza don ta riƙa sayar da ƙanƙara da zoɓo. Inda ya dace a ajiye ta shi ne ɗakin da nake tara kayan da ban kai kasuwa ba, kuma babu wurin jona wuta a ciki sai ƙwan fitila ɗaya. Muna bukatar priz, wato soket, guda biyu: ɗaya na firiza, ɗaya na dutsen guga. Na kira wani dattijo da ya taɓa yi wa maƙwabcina aiki. Ya zo ya duba, ya ce sai an jawo sabon layi tun daga akwatin da ke kusa da kwanta, kuma sai an kafa ƙarfen ƙasa. Ya ce jaka 90, kaya da aiki. Jaka ɗaya sefa 1,000 ke nan, ga waɗanda ba su saba da lissafinmu ba. Na ce zan neme shi.

Da yamma muna zaune a ƙofar gida nake ba wani aminina labari. Ya ce, "Haba Alhaji, me zai kai ka waje ga namu a gida? Ɗan ƙanena ai aikinsa ke nan." Washegari yaron ya zo, ya durƙusa ya gaishe ni, mai ladabi ƙwarai. Ya leƙa ɗakin ya ce, "Baba, wannan ƙaramin aiki ne, jaka 35 ya isa har da kaya."

A raina na so in tambaye shi a ina ya koya, wa ya yaye shi. Sai na ga kamar in na tambaya na zargi aminina ke nan. Ga kuma jaka 55 da za ta zauna a aljihuna. Kunya da son araha suka haɗu suka rufe mini baki. Kafin la'asar ya gama.

Gidan bai ɓoye mana komai ba, mu ne ba mu saurara ba. Mako biyu da yin aikin, 'yata ta ce firiza tana jan hannunta in ta taɓa ta da jiƙaƙƙen hannu. Na ce ta riƙa sa silifa. Sannan dijonkta, abin da mutanen Kano ke kira bireka, ta fara faɗuwa duk lokacin da aka jona dutsen guga. Na kira yaron. Ya zo ya cire ta ya sa wata, ya ce, "Baba, waccan ƙarama ce, na sa maka babba, ba za ta ƙara damunka ba." Gaskiya ya faɗa, ba ta ƙara faɗuwa ba. Har na ƙara masa kuɗin zemijan.

Wani dare a watan Maris, ana zafin nan na Lome da ba a iya barci sai da fanka, wajen ƙarfe 2 babban ɗana ya buga mini ƙofa ya ce yana jin warin roba. Da muka fito hayaƙi na fita ta saman ƙofar ɗakin kaya. Allah ya sa yaron ya yi hankali, ya ruga ya kashe wutar gidan gaba ɗaya daga wajen kwanta kafin kowa ya ɗauki bokiti. Maƙwabta suka fito, aka yi ta ɗibar yashi da ruwa, aka ɓalle silin. Wutar ta riga ta ci katakon rufi ta nufi ɗakin da ƙananan 'ya'yana uku suke kwance. Bango ɗaya ne tsakani, kuma saman silin ɗin a buɗe yake daga wannan ɗaki zuwa wancan. Dila huɗu na atamfa suka tafi, wanda wuta ba ta ci ba ruwa da hayaƙi suka lalata. Rabinsu bashi ne. Amma da na ƙirga 'ya'yana a tsakar gida na same su cif, sai na zauna a ƙasa, ƙafafuna suka ƙi ɗaukata.

Abu uku a kan tabarma

Da gari ya waye na aika a kira dattijon nan da na ce zan nema. Ba Bahaushe ba ne, da Mina da gutsuren Faransanci muke magana. Bai ce mini "ai na faɗa maka" ba. Ya hau rufi, ya daɗe, ya sauko da abu uku ya jera a kan tabarma.

Na farko guntun waya. Ya kankare ta da wuƙa, sai ga jan ya tafi, fari ya fito. Ya ce wannan alminiyon ne aka shafa wa jan ƙarfe a sama, ana sayar da ita da araha kamar ta gaske. Kuma siririya ce, mai lamba 1.5, wadda ake ja wa fitila. Soket yana bukatar mai lamba 2.5 ta jan ƙarfe zalla. Yaron daga wayar ƙwan fitila ya ɗauko wuta ya kai wa firiza da dutsen guga.

Na biyu mahaɗa. An murɗa waya biyu da hannu an naɗe da salatif, an yar a kan katako, babu akwati. Ya ce irin wannan mahaɗar in ta saki kaɗan sai ta riƙa zafi, robar ta narke, katakon ya bushe ya yi baƙi, wata rana ya kama. Daga nan wutarmu ta tashi.

Na uku dijonktar da aka sa mini, mai lamba 32. Ya ce wadda aka cire mai lamba 10 ce, kuma faɗuwar da take yi aikinta ke nan: tana gaya maka an ɗora wa waya kayan da ya fi ƙarfinta. Ya ce siririyar waya irin wannan, ko ta gaske ce, ba a sa mata abin da ya wuce 16. In ka sa 32, waya za ta gasu ta ƙone dijonkta na zaune ba ta san ana yi ba. Na ce a raina, wato jaki ya durƙusa don kaya sun yi masa yawa, mu kuma muka ƙara masa bulala.

Jan hannun da firiza ke yi wa 'yata kuwa, ya ce rashin wayar ƙasa ne. Ita ce mai launin kore da rawaya, wadda ake haɗawa da ƙarfen da aka kafa a ƙasa, don in wuta ta zubo a jikin na'ura ta bi can maimakon ta bi jikin mutum. Ya ce a gidan da ke da yara ya kamata a sa dijonkta ta musamman, diferansiyel mai lamba 30 mA, wadda ke yanke wuta nan take in ta fara bin jikin mutum. Wutar gida a Togo 220 ce, ta isa ta kashe babba, balle yarinya mai jiƙaƙƙen hannu a kan siminti.

Sai ya tambaye ni, "Wane ne patron ɗin yaron?" Na ce ban sani ba. Ya dube ni, ya buɗe jakarsa, ya ciro takardu a cikin leda ya miƙo mini ba tare da na nema ba. Ya ce, "Mai aikin gaske ba ya jin haushi in an tambaye shi wannan. Shekaru ya yi yana wahala kafin ya same ta, daɗi yake ji a gani."

Daga baya na bincika. Yaron ya yi shekara ɗaya da 'yan watanni a wajen wani patron, ya gaji da aikin kyauta, ya koma tuƙa zemijan. Ba a yaye shi ba. Ya iya sa ƙwai, ya iya canza makunni, mutanen unguwa suka fara ce masa mai wuta, shi ma ya yarda.

Takardun da ake nema a Togo

Ga abin da na koya, da zai amfani duk wanda ke zaune a ƙasar nan. Hanya biyu ake bi a zama mai aikin lantarki. Akwai wanda ya koya a wajen patron, shekara uku ko fiye, aka yi masa bikin yaye da ake kira liberasiyo. Irin wannan yana iya zama jarrabawar gwamnati ya sami takardar kammala koyon sana'a, wadda ake taƙaita sunanta da CFA. Ba kuɗin sefa ba, kada a ruɗe. Akwai kuma CQP, ta waɗanda suka haɗa koyo a wajen patron da zuwa cibiyar horo. Hanya ta biyu ita ce makarantar fasaha, irin babbar makarantar nan ta Adidogome, inda ake fita da CAP ko BT ko bakaloriya ta fannin lantarki.

Bayan wannan akwai majalisar masu sana'ar hannu, Chambre de Métiers, wadda ke rajistar masu sana'a tana ba su katin shaida. Wanda ya ce shi cikakken mai sana'a ne, ka nemi ganin katin. Ka haɗa sunan da ke jiki da na katin ɗan ƙasa, ka dubi hoton ka dubi fuskar, don takardar yaya tana iya zuwa a aljihun ƙane. Ka duba kuma wace sana'a aka rubuta. Mai gyaran wayar mota daban, mai gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki daban, mai jan wayar gini daban. Duk a unguwa "mai wuta" muke ce musu.

Wani kuskure da muke yi shi ne ɗaukar cewa duk wanda ya zo da hular kwano da riga mai ƙyalli ma'aikacin CEET ne, kamfanin wutar ƙasa. Ana sayar da rigar a kasuwa. Kuma aikin kamfani yana tsayawa ne a kwanta. Abin da ke cikin gida daga nan zuwa ɗakuna, nauyin mai gida ne. Duk wanda ya ce zai buɗe maka kwanta, ko ya yi dabarar da Cash Power ɗinka zai daina cin kuɗi, sallame shi tun a ƙofa. In an kama, kai za a ci tara, sunanka ne a kan kwantar. Wanda kuma ya yarda ya cuci kamfani don ya burge ka, zai cuce ka a cikin rufi inda ba ka gani.

In babu takarda fa?

Na san abin da wasu za su ce: akwai ƙwararru da yawa a Zongo da ba su da takarda ko ɗaya. Haka ne, na san wasu. Takarda ma ba ta ja waya. Amma mu fatake muna da hanyarmu ta gane mutum tun kafin a ƙirƙiro katin shaida. Baƙo in ya sauka Zongo yana neman a ba shi kaya bashi, me ake tambaya? Wane ne maigidanka, wa ya tsaya maka. To haka za ka yi wa mai wuta. Wa ya koya maka? Ina shagonsa? Ya yaye ka ko gudowa ka yi? Ka hau babur ka je ka ga patron ɗin da idonka. Ka ce ya nuna maka gida biyu da ya yi wa aiki shekara biyu ko uku da suka wuce, ba na makon jiya ba, don mugun aiki sai ya kwana biyu yake nuna hali. Ka tambayi matan gidan, su ne ke wuni da wutar.

Inda na yi kuskure shi ne, aminina ya tsaya wa halin yaron, ni kuma na ɗauka ya tsaya wa iyawarsa. Yaron ba ɓarawo ba ne, ko allura bai ɗauka a gidana ba. Amma aminina goro yake sayarwa, bai san waya mai 1.5 da mai 2.5 ba, kamar yadda ni ma ban sani ba a lokacin. Shaidar da ta dace a wannan wuri ita ce ta wanda ya san aikin.

Akwai kuma tambayoyin da ko ba ka yi boko ba za ka iya yi, ka saurari amsa. Daga ina za ka ɗauko wutar wannan soket? Wace lambar waya za ka sa, wace lambar dijonkta? Gidan nan yana da wayar ƙasa? In ya ce ba ta da amfani, ka san da wa kake magana. Ka dubi jakarsa: wanda ya zo da sukudireba mai ƙwai kaɗai da salatif, ba shi da na'urar awo, bai shirya ba. Ka lura ko yana kashe wuta ya gwada kafin ya sa hannu. Masu taɓa waya da rai don a ce su gwanaye ne, wata rana a gidanka za a ɗauki gawarsu.

Sannan a rubuta. Ya ba ka lissafi a takarda, abin da ake ce wa debi: kaya kaza, tsawon waya kaza, kuɗin aiki kaza. Ku je kanti tare, ka karɓi rasit. A gabanka a kankare bakin waya a gani ko ja ce har ciki. Kada ka biya duka sai an gama, an kunna komai lokaci guda an gani, an danna maɓallin gwaji na diferansiyel ta faɗi. Kafin a rufe silin ko a shafe bango, ka hau tsani ka leƙa, ko ka sa ɗanka ya ɗauki hoto da waya. Duk mahaɗa ta kasance cikin akwatinta.

Ga masu tafiya da masu gini a gida

Yawancinmu ba ma zama. Yau kana Kwatano, gobe Kumasi, jibi Kano ko Dubai. In wuta ta lalace ba ka nan, uwargida za ta aiki yaro ya kira duk wanda ya samu a bakin titi, kuma ba laifinta ba ne. Tun kana gari ka tantance mutum ɗaya, ka kawo shi gida kowa ya san fuskarsa, ka rubuta lambarsa a bango kusa da kwanta. A ƙarƙashinta ka rubuta 118, lambar 'yan kwana-kwana a Togo. Ka nuna wa kowa a gidan, har 'yan mata, inda ake kashe wutar gida gaba ɗaya, kuma su sani ba a watsa wa wutar lantarki ruwa sai an kashe ta. Wannan kaɗai ne abin da na yi daidai, don na taɓa nuna wa ɗana.

Masu aika kuɗi ana yi musu gini a wata ƙasa su ma su tambaya. A Gana, tun dokar jan waya ta 2011, Hukumar Makamashi ce ke yi wa masu wannan aiki jarrabawa tana ba su shaida, kuma sai wanda ke da ita ya sa hannu kafin a jona wa sabon gida wuta. A Najeriya akwai hukumar NEMSA, wadda aka kafa da dokar 2015, tana ba masu aikin lantarki takardar ƙwarewa, ga kuma takardar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago. Kada ka bar wa ƙanenka zaɓin mai wuta da sharaɗin araha kawai, kana nesa.

Mu 'yan kasuwar Lome ba sai an ba mu labarin gobara ba. A watan Janairun 2013, cikin mako guda, babbar kasuwar Kara da babban ginin kasuwar Adawlato suka ƙone. Hukuma ta ce waccan sa ta aka yi da gangan, amma toka ba ta tambayar dalili, mun ga matan da suka kwana da dukiya suka tashi ba su da ko ɗankwali na sayarwa. A Disamban 2023 kuma kasuwar Agoe Assiyeye, nan kusa da mu, ta ƙone. Saboda tsoron irin wannan da yawanmu muke raba kaya, mu ajiye rabi a gida. To in gidan ma a kan murɗaɗɗiyar waya yake zaune, ina muka gudu?

Dattijon ya sake ja wa gidana waya gaba ɗaya. Abin ya ci kusan jaka 400, ban da katako da kwano, ban da atamfar da na yi shekara ina biya. Aminina ya yi wata biyu ba ya iya haɗa ido da ni. Ni na taka na je gidansa, na ce masa laifin namu ne mu biyu, shi bai bincika ba, ni ban tambaya ba. Yaron kuma ya zo da mahaifinsa yana kuka. Na ce ban nemi ko dala a wajensa ba, abu ɗaya nake so: ya koma wajen patron ɗinsa ya ba da haƙuri ya ƙarasa. Ya koma. Ranar da aka yaye shi, in Allah ya kai mu, na yi alkawarin ni zan sayi lemon bikin. Ranar da kuma zai sake taɓa waya a gidana, sai na ga takardar tukuna.